Tambaya: ya za a ce wadda ta ƙare a saman teburi ba ita ke da kofi ba? (ƙwallon matan jami'o'in Amurka)

Dan_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu bin ƙwallon mata ko waɗanda ke zaune a Amurka ku warware min wani abu da ya ɗaure min kai. Tun ranar da Jennifer Echegini ta Najeriya ta zura wa Maroko ƙwallon nan ta uku a fainal ɗin WAFCON, gasar kofin Afirka ta mata, a Rabat na fara bibiyar inda yarinyar ta fito, sai na ga ashe kafin Juventus da PSG a jami'ar Florida State ta buga, kuma wai a 2023 sun ɗau kofin ACC, wato rukunin jami'o'in da suke bugawa a ciki, a watan Nuwamba, Disamba na kamawa suka sake ɗaga wani kofin daban. Na ce to bari in leƙa na 2024 ko zan gane, ai nan kaina ya ƙarasa kullewa. Duke ce ta ƙare ta ɗaya a teburin ACC, amma kofin ACC ɗin Florida State ta ɗauka, sannan zakarar ƙasa gaba ɗaya North Carolina, wadda ta huɗu ta yi a teburi kuma an doke ta a fainal ɗin ACC. Lig ɗaya, kulob uku, kowa na ɗaukar hoto da kofi.

Tambayata ita ce, wannan gasar da suke yi bayan an gama lig meye amfaninta? Kamar FA Cup take ko yaya? Ni dai a nawa sanin idan ka gama kaka kana saman teburi kai ne zakara, magana ta ƙare. Don me za a ce wadda ta sha wahala tun Agusta ta dawo ta sake buga sili ɗaya ƙwale da waɗanda ta riga ta wuce? Wannan ai zalunci ne ko?

Baban_Ilham_NC ya rubuta:

Wa'alaikumussalam ƙanina. Ka kawo kuka gidan mutuwa, don filin da ake buga wannan fainal ɗin ta ACC a garin Cary yake, kusa da Raleigh inda nake zaune, kuma ina kai yara kallo.

Ba kamar FA Cup take ba, domin FA Cup tare da lig ake buga ta kuma kowa na shiga. Wannan sai an gama lig tukunna, kuma teburin lig ɗin ne ke nuna wa zai shiga. Ka fara riƙe wannan: jami'o'in da ke buga ƙwallon mata a babban aji na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sun haura 300, ba yadda za a yi su zauna a lig ɗaya, don haka suna rabe ne rukuni-rukuni, wajen talatin, irinsu ACC da SEC da Big Ten da Big 12 da ƙanana da yawa da ba ka taɓa jin sunansu ba. Ana fara kaka tsakiyar Agusta a gama lig ƙarshen Oktoba, wata biyu da rabi kacal. Babbar gasar ƙasa kuma kulob 64 take ɗauka. To kowane rukuni an ba shi kujera ɗaya tabbatacciya a cikin 64 ɗin nan, kuma yawancinsu sun zaɓi su ba da kujerar ga wadda ta ci wannan gasar ta bayan lig, ba wadda ta ƙare a saman teburi ba. Sauran kujerun da suka rage, talatin da 'yan kai, wani kwamiti ne ke zama ya raba, yana duba wa kika doke, a ina, kuma wa ya doke ki, akwai wani lissafi da suke ce wa RPI da ke auna ƙarfin waɗanda kika kara da su.

A ACC jami'o'i 18 ne amma 17 ke da ƙwallon mata, Georgia Tech ba ta da shi. A 2024 shida na sama kawai suka shiga gasar. Ta ɗaya da ta biyu suna hutawa a zagayen farko, ta uku ta karɓi ta shida a gidanta, ta huɗu ta karɓi ta biyar, daga nan a tattaro a Cary a yi semi fainal da fainal, cikin mako guda an gama. Ka ga kenan teburin ba a banza yake ba, shi ke ba ka hutu, shi ke ba ka wasan gida, kuma ita ma Duke an ba ta kofinta na lig, ba wanda ya ƙwace mata shi.

Amma ga inda nake ganin maganarka ta zalunci ba ta zauna ba. Kulob 17 ne, wasa goma kacal kowa ke yi a cikin rukuni. Babu gida da waje kamar Firimiya, kuma akwai kulob shida da ba za ki haɗu da su ba sam a shekarar. Wata za ta dace jadawalinta ya kauce wa manya biyu, wata kuma duk manyan a kanta za su sauka kuma a gidajensu. Teburin da aka gina a haka ba ya faɗin gaskiya duka. Shi yasa ake cewa to ku shida na sama ku zo ku daku da juna mu gani.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, a wurin manya irin na ACC wannan kofin ado ne da alfahari da neman matsayi mai kyau a jadawalin ƙasa, don ko an fitar da su kwamiti zai ɗauke su. Dubi 2024 ɗin da ka kawo. Stanford ko cikin shidan ba ta shiga ba, tana gida aka yi gasar ACC, amma kwamiti ya ɗauke ta kuma ta kai huɗun ƙarshe na ƙasa. Huɗun nan ma duk 'yan ACC ne, Duke da North Carolina da Wake Forest da Stanford. Ita kuwa Florida State da ta ɗau kofin ACC, zagaye na biyu Vanderbilt ta yi waje da ita a bugun fenareti. Inda gasar nan take da ran gaske a ƙananan rukunai ne, waɗanda kwamiti ba ya ko kallonsu, kujera ɗaya tak suke samu. A can in kin faɗi shi kenan sai baɗi, in kuma 'yar ajin ƙarshe ce to ƙila wasanki na ƙarshe kenan a rayuwa.

Sarkin_Gardama ya rubuta:

Baban Ilham da girmanka amma ai da bakinka ka kashe maganarka. Ka ce a ƙananan rukunai kujera ɗaya ce. To a ce kulob ta cinye lig ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ranar semi fainal golarta ta tashi da zazzaɓi ko ƙwallo ta bugi turke sau uku, wata da ta zo ta shida da ƙyar ta tare gida minti 110 ta ci a fenareti, shi kenan an ba ta kujerar, ta je gasar ƙasa a yi mata ruwan ƙwallaye a zagayen farko ta dawo. Wa ya ci riba? Rukunin ma kansa ya cuta tunda bai tura wadda ta fi iyawa ba. Ni fa Amurkawa na lura ba sa iya barin teburi ya yi hukunci, komai sai an kai shi ga wasa ɗaya na a-mutu-ko-a-yi-rai saboda talabijin da tikiti. Kuma ba kowa ne ya yarda da tsarin ba ko a can, West Coast Conference inda Santa Clara da Portland suke har zuwa 2024 ba sa yin wannan gasar, wadda ta ci lig ita ke tafiya, kuma duka biyun nan sun taɓa zama zakarun ƙasa. Pac-12 ma kafin ta watse haka take yi, ga Stanford ga UCLA ga USC duk a ciki, me ya rage su da shi?

Maman_Hanan ta rubuta:

Sarkin Gardama sunanka ya bi ka wlh. Maganar West Coast gaskiya ce amma ka manta ka faɗi cewa Ivy League, su Harvard da Yale da Princeton, waɗanda suka fi kowa riƙo da tsohon tsari, su ma a 2023 suka fara tasu gasar ta kulob huɗu. In da abin ba shi da amfani ba za su shiga ba.

Ni wasanni nake koyarwa a makarantar 'yan mata, don haka ta ɓangaren yaran nake kallon abin. Kaka gajeriya ce sosai. Kulob ɗin da ta fara da rashin sa'a, a ce ta sha kashi uku a jere a Satumba don kyaftin ɗinta ta ji rauni ko sabbin yaran ba su gama sabawa ba, in teburi ne kaɗai to ta gama, sauran wasannin cika umarni ne kawai. Amma in ta san ta shida ma na da ƙofa, za ki ga ana buga wasan ƙarshe na Oktoba kamar fainal. Duk wanda ya taɓa riƙe yara a fili ya san ranar da suka gane babu sauran abin nema, ranar atisaye ke mutuwa, wannan ta ce ƙafa na ciwo waccan ta ce tana da jarabawa.

Abin da ni ke damuna da tsarin daban ne, gajiya. A lig ma sau da yawa Alhamis da Lahadi suke bugawa, ga aji ga jarabawa, kuma tunda Stanford da Cal, jami'o'in jihar Kalifoniya, suka shigo ACC a 2024 tare da jami'ar SMU, yarinya za ta taso daga Kalifoniya ta keta ƙasar gaba ɗaya zuwa gabas don wasa. Sannan a ɗora mata wasa uku cikin kwana takwas, ta huta 'yan kwanaki a shiga gasar ƙasa. Kuma kowa ya san yadda ciwon jijiyar gwiwa ke cin 'yan ƙwallo mata. Wannan ne abin da ya kamata a yi gardama a kai ba wai wa ya fi cancanta ba.

Dan Fagge tunda ta hanyar Echegini ka shigo, ka san a wannan gasar ta ACC ta 2023 'yan Super Falcons biyu sun kara da juna? Deborah Abiodun tana Pittsburgh, kocinta a can kuma Randy Waldrum ne, shi ɗin dai da ya kai Najeriya gasar duniya a Ostareliya a wannan shekarar, yana riƙe da aikin biyu lokaci guda. Suka haɗu da Florida State a semi fainal na ACC aka cire su, suka sake haɗuwa a kwata fainal na ƙasa aka sake cire su 3-0. Florida State ɗin shekarar ba a doke ta ko sau ɗaya ba, wasa 22 ta ci ɗaya canjaras, ta lallasa Stanford 5-1 a fainal, ita kuma Echegini aka ba ta kyautar Hermann ta gwarzuwar 'yar wasan jami'o'i. Toni Payne ma a Duke ta yi, Ifeoma Onumonu a Cal, Michelle Alozie ta yi Yale ta ƙarasa a Tennessee. Ba ƙaramin kaso na tawagarmu ba ne ya bi ta wannan hanyar.

Dan_Fagge ya rubuta:

Kai Hajiya Allah ya saka, wlh ban san Waldrum kocin makaranta ba ne a lokacin. Yanzu na fara ganewa, kenan kofi uku ne, na lig, na gasar rukuni, sai na ƙasa wanda shi ne uban tafiya. To Yaya Baban Ilham akwai wani abu kuma, a bidiyon da na kalla na ga agogo na tafiya da baya daga 45 zuwa sifiri, kuma na rantse na ga an cire wata yarinya daga baya na sake ganinta a fili. Idona ne ko haka suke yi? Sannan Sarkin Gardama ya ce minti 110, ba 120 ba ne?

Baban_Ilham_NC ya rubuta:

Idonka ƙalau. Dokokin NCAA ba na FIFA ba ne gaba ɗaya. Agogo a allo yake kuma da baya yake ƙirgawa, in an ci ƙwallo ko an ba da kati ko wata ta ji rauni rafali ya ɗaga hannuwa ya gicciye su sai a tsayar da shi, saboda haka babu wani ƙarin minti huɗu ko biyar na ɓata lokaci. In saura daƙiƙa goma za ka ji mai sanarwa da 'yan kallo sun ɗauka tare, goma, tara, takwas, har sifiri a busa ƙaho, ko ƙwallo na sama tana hanyar raga in ba ta tsallake layi ba kafin ƙahon to ba ci. Ranar farko da na ga haka dariya ta kama ni, amma in kulob na bin ci ɗaya kuma ta samu kwana saura daƙiƙa ashirin, ka ga yarinya ta ruga da gudu ta dasa ƙwallo ta buga ko saiti babu, gola ma ta baro gidanta ta taho, wallahi sai ka miƙe tsaye ba ka sani ba.

Canji kuma a ɓangaren mata ana yin da yawa, kuma wadda aka cire tana iya dawowa sau ɗaya a zagaye na biyu. Shi yasa wasansu ke da gudu da matsi tun daga farko har ƙarshe, koci zai zuba yara uku lokaci guda su yi ta kora minti goma sha biyar ya fitar da su. Anson Dorrance na North Carolina da wannan salon ya yi suna, kulob mai benci mai zurfi ita ke cin moriya, musamman a mako irin na gasar rukuni da Maman Hanan ta ambata. Ƙarin lokaci minti goma-goma ne sau biyu, shi ne 110 ɗin. Tun 2022 an daina ƙarin lokaci a wasannin lig, in an tashi canjaras shi kenan, sai a irin wannan gasar da ta ƙasa. A 2024 kuma suka dawo da dokar wanda ya fara ci a ƙarin lokaci ya ci wasa nan take. In ba a ci ba sai fenareti, kuma a littafin tarihi canjaras ake rubutawa, a ce dai wance ce ta wuce.

Filin na Cary, WakeMed Soccer Park, mutum dubu goma yake ɗauka, ba wani ƙato ba ne amma ciyawarsa kamar darduma. Farkon Nuwamba sanyi ya fara shigowa, semi fainal da dare ake yi, za ka ga iyaye da barguna a kafaɗa da kofin shayi a hannu, ga ƙananan yara mata 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu cikin rigunan kulob ɗinsu na unguwa an kawo su mota-mota, ana tashi su yi layi a bakin shinge da alƙalami suna jiran sa hannu. Ɓangare guda shuɗi mai haske na North Carolina tunda Chapel Hill ba nisa, kusan wasan gida ne a wurinsu, su kuma 'yan Florida State daga Tallahassee suke tahowa, 'yan kaɗan ne amma bakinsu ba ya shiru.

Tarihin kofin kansa ma labari ne. An fara a 1988, NC State ta ɗauka a fenareti, daga 1989 har 2003 North Carolina ce kawai, sau 15 a jere, zamanin su Mia Hamm da waɗanda suka biyo baya, sai Virginia ta katse ta a 2004. Daga baya kuma zamani ya juya, Florida State ta ɗauka sau biyar a jere daga 2020 zuwa 2024. Dorrance ya riƙe kulob ɗin matan tun 1979 ya ajiye a Agustan 2024 ana dab da fara kaka, da kofin NCAA 21 a hannunsa, mataimakinsa Damon Nahas ya karɓa na riƙon ƙwarya kuma ya ci kofin ƙasa a shekarar, 1-0 a kan Wake Forest, a wannan filin dai na Cary.

Sarkin_Gardama ya rubuta:

To ai ka ƙara ba ni hujja Yallaɓai. Kulob ɗin da aka doke a fainal ɗin ACC ita ta zama zakarar ƙasa, wadda ta ci fainal ɗin ko zagaye na uku ba ta gani ba. Kenan kofin bai nuna komai ba. Abu ɗaya dai zan yarda da shi, maganar wasa goma cikin kulob 17, wannan kam teburin ma gurgu ne, ban san haka abin yake ba. Amma maganin ai a rage girman rukunin ne kowa ya haɗu da kowa, ba a ɗauko jami'ar da ke bakin tekun Pasifik a saka ta a rukunin da sunansa ma na gaɓar Atlantika ne ba. Kuma kowa ya san ba don ƙwallon mata aka yi wannan haɗe-haɗen ba, kuɗin talabijin na ƙwallon Amurka ta maza ne ya ja, su yaran nan kawai an ɗora musu jirgi ne.

Akwai kuma waɗanda abin ke cuta ba su ji ba ba su gani ba. A ce a wani matsakaicin rukuni akwai kulob mai ƙarfi da kwamiti zai ɗauka ko ta faɗi, sai wata can ƙasa ta yi bazata ta ɗau kofin. Yanzu rukunin ya ci kujera biyu maimakon ɗaya, wata jami'a a wata jiha daban da ke bakin layi tana zaune gaban talabijin ranar Litinin ɗin sanar da jadawali sai ta ji babu sunanta.

Maman_Hanan ta rubuta:

Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, su da kansu ɓarayin kujera suke kiran irin waɗannan kulob ɗin. Amma ita wadda ta yi bazatar a fili ta ci, ba a ɗakin taro ba, ni kam na fi yarda da haka a kan lissafin kwamiti.

Dan Fagge in kana so ka kalla, makon farko na Nuwamba za ka sa ido. Fainal ɗin ACC ranar Lahadi ake yi da rana a can, mu nan Najeriya da Nijar ta faɗo wajen magariba tunda a lokacin awa shida ke tsakaninmu da gabashin Amurka, semi fainal ce dai sai tsakar dare. Tashoshin ESPN ke nunawa, gidan kallo ba za su saka maka ba ana Firimiya, amma ACC na ɗora taƙaitaccen wasan a YouTube bayan an tashi, datar ba ta da yawa. Ka duba na SEC ma da ake yi a Pensacola, su kulob ɗin da ke shiga sun fi yawa kuma duk a wuri ɗaya ake tara su sama da mako guda.